Walimar Sabon Huhu

Yayana Dalhatu bai iya cewa a'a ba. Ba yabonsa nake yi ba, ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya na san irin wahalar da halin nan ya ja mana. In ka roƙe shi rigar jikinsa zai tuɓe ya ba ka, sannan ya ba ka haƙuri don ba a goge ta ba. Mutane suna cewa mutumin kirki ne. Ni kuwa Mas'uda cewa nake kunya ce ta yi masa yawa, kuma na sha faɗa masa a gaban idonsa, sai ya yi dariya ya ce na cika faɗa.

Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, a ƙauyenmu na wajen Ringim. Ƙanensa, Baffa Shu'aibu, shi ya riƙe mu. Shi ya koya wa Yaya karatu da noma, shi ya rako shi tasha ranar da zai taho Kano neman aiki yana ɗan shekara sha tara. Har yau Yaya ba ya haɗa ido da shi, in suna magana a waya ma sai ka ga ya ɗan russuna.

Aikinsa na farko a wata masaƙa ce a Bompai, a ɗakin da injina ke tsefe auduga. Wanda ya shiga ɗakin nan fari fat yake fitowa, har gashin ido. Kowa gudun wurin yake, shi ya sa ake juya ma'aikata duk bayan wata uku. Yaya shekara goma sha ɗaya ya yi a ciki, domin duk wanda layi ya zo kansa sai ya lallaɓo ya ce Dalhatu ka taimaka ka riƙe mini, ƙirjina ba ya so. Shi kuwa sai ya ce to, kamar nasa ƙirjin na ƙarfe ne. Da masaƙar ta rufe ya koma wani kamfani a Sharaɗa inda ake niƙa tsoffin robobi, can ma ba a raba shi da bakin inji. A tsakanin nan ya auri Zulaihat, ya gina ɗaki biyu a Zawaciki, suka haifi 'ya'ya uku. Ni kuma na yi aure a Na'ibawa, ina koyarwa a firamare.

Da haki ciwon ya fara. Sai da ya shekara biyu yana ɓoyewa, har ranar da Zulaihat ta leƙa ɗaki ta tarar yana sallar la'asar a zaune, leɓensa ya yi baƙi. Likitoci suka ce huhunsa ya ƙandare, ƙurar da ya shaƙa ta cinye shi, babu maganin da zai dawo da shi. Aka haɗa shi da tukunyar oksijin, daga gado zuwa banɗaki sai ya huta sau biyu. Suka ce abu ɗaya ya rage, a yi masa dashen wani huhun, kuma ba a yi a ƙasar nan.

Yadda hanya ta buɗe har muka je Indiya labari ne mai tsawo. Ƙungiyar ma'aikata ta tsaya, gidan rediyo ya yi shela, wasu masu kamfanoni suka sa hannu, Allah ya saka wa kowa. Ni aka zaɓa in raka shi, saboda Zulaihat tana goyo, ni kuma ina ɗan jin Turanci. Wata bakwai muka yi a wani ɗan ɗaki kusa da asibitin muna jiran waya. Ban taɓa sanin akwai irin wannan jiran ba, kana roƙon Allah ya ba ɗan'uwanka lafiya, kuma ka san sai wani ya mutu sannan za a kira ku. Da kiran ya zo, huhun na wani saurayi ne da ya yi haɗari a kan babur, iyakar abin da aka gaya mana ke nan, ko sunansa ba mu sani ba. Bayan dashen, ranar da aka cire wa Yaya bututun inji ya ja numfashi da kansa, kuka ya yi, ni ma na taya shi.

Kafin a sallame mu, likitar da ke kula da shi ta kira ni ofishinta ni kaɗai. Ta ce magungunan da yake sha don kada jikinsa ya ƙi sabon huhun, su ne kuma suke kwantar da garkuwar jikinsa. Murar da yaro zai yi kwana uku ya warke, shi tana iya kai shi kabari. Ba taro, ba hayaƙi, ba shan ruwa a kofi ɗaya da kowa, ba zama kusa da mai tari, takunkumi kuwa kada ya sauka daga fuskarsa in yana cikin mutane. Ta ce ta lura yayana ba ya iya hana mutane, don haka ni zan riƙa hana masa. Na ce wannan aikin kam an ba mai shi.

Da muka dawo sai na zama muguwar unguwa. Na sa aka rabar da tattabarun gidan, na kwashe kaskon turaren wuta na kai wa maƙwabciya, na ajiye sabulu da buta a zaure. Mai zuwa dubiya in na ji yana jan hanci, daga bakin ƙofa zai yi gaisuwarsa ya juya. Mata suka ce Mas'uda ta je Indiya ta dawo da girman kai. Zulaihat da muke wasa da ita ta sa mini suna sajan. Ban damu ba, tunda ina ganin Yaya yana takawa da ƙafarsa har masallacin Juma'a, ya shimfiɗa dardumarsa can gefen sahun ƙarshe.

Da aikin dashen ya kusa cika shekara, Salisu ya zo da maganar walima. Abokin Yaya ne tun zamanin masaƙa, yanzu yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani kamfani a Challawa. Ya ce mutanen da suka tsaya mana suna so su gan shi da idonsu, a yi saukar Alƙur'ani, a gode wa Allah. Na ce ban yarda ba. Yaya kuwa ya ce mini to, ya ce wa Salisu ma to. Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na kafa sharuɗɗa. A waje za a yi, a ƙarƙashin rumfa, da rana. A gidan maƙwabta za a yi girki don hayaƙi. Yaya zai zauna a kan kujera shi kaɗai, nesa da tabarmi, ba musabaha, ba runguma. Salisu ya buga ƙirji ya ce shi zai tsaya a gefensa, ko ƙuda ba zai matso ba.

Kwana uku kafin ranar ban iya cin abinci sosai ba. Ina cikin aji ina rubutu a allo sai in tsinci kaina ina lissafa mutanen da za su zo, ina tunanin waye a cikinsu yake da yaro mai mura a gida. Maigidana Lawan ya ce in sassauta wa raina, ai an wuce wurin wahala. Na ce masa shi bai zauna a sashen masu ciwon ƙirji ba, bai ga wanda aka yi wa dashe lafiya ya dawo bayan wata shida ana tura shi a gado ba.

Ranar Lahadi ce, lokacin da yawancin ma'aikata suke hutu. Bayan azahar ƙofar gida ta cika, maza a waje, mu mata a ciki muna zuba waina da miyar taushe. Nakan leƙa ta zaure lokaci lokaci. Yaya yana kan kujerarsa cikin farar shadda, takunkumi a fuska, yana ɗaga wa mutane hannu biyu daga nesa. Salisu yana tsaye kamar dogari. Har na fara jin kunyar tsoron da na yi.

Sai na ji sallama a tsakar gida da muryar da ban yi zato ba. Baffa ne. Ya haura shekara tamanin, mun yi da shi cewa kada ya wahalar da kansa, mu za mu je in an kwana biyu. Ashe ya hau mota tun da safe. Ya shigo ya fara gaisawa da mata kamar yadda ya saba, riƙe da wata ƙaramar jarka a cikin buhu. Muka zube muna gaishe shi, na yi murna ƙwarai da ganinsa. Yana cikin sa mana albarka tari ya sarƙe shi. Ya juya ya rufe baki da gefen riga, ya yi ta yi har sai da ya dafa bango. Irin tarin nan ne mai fitowa daga can ƙasa. Sai a lokacin na lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Baffa, tun yaushe kuke wannan tarin?”

“Ya kai wata biyu. Sanyi ne kawai, da zazzaɓin yamma, ya kusa tafiya.”

Na tambaye shi me ke cikin jarkar, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ruwan addu'a ne, da rubutun da ya yi da hannunsa ya wanke a ciki. Kwana arba'in kullum bayan asuba yana karanta ayoyin waraka yana tofawa. Ya ce bai yarda ya ba kowa saƙo ba, shi zai ba Dalhatu da hannunsa. Kowa a gidan ya san tun ranar da muka tashi zuwa Indiya tsohon nan yake azumin Litinin da Alhamis saboda Yaya. Na ce ya kawo in ajiye masa a ɗaki, in taro ya watse sai Yaya ya sha a natse. Ya yi dariya ya ce a'a, a gaban jama'ar da suka taya mu roƙo zai sha, kowa ya ce amin. Ya ɗauki jarkarsa ya nufi zaure.

Ni da ake cewa ba na tauna magana, na bar shi ya wuce. Mutumin da ya yi mini aure, ta ina zan fara ce masa tarinsa zai iya kashe ɗan da ya rena? Na ciro waya na kira Yaya, sai na ji tasa tana ringin a kan gadonsa, a caji ya bar ta. Na kira Salisu, ya ɗauka yana raɗa. Na ce kada ya bari Baffa ya matsa kusa, yana tari. Ya ce in rufa masa asiri, shi wane ne da zai ce wa Baffa kada ya zauna kusa da ɗansa. Na juya wajen Zulaihat, idonta ya riga ya kawo ruwa. Surukinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tare shi a hanya. Lawan kuma ya tafi ɗauko lemo.

Na tsaya a zaure bayan ƙyaure, ina leƙe ta tsakanin ƙofa da bango. Maza sun fi sittin a kan tabarmi, da liman, da manyan ƙungiya. Mace ba ta ratsa irin wannan taron, ban taɓa gani ba a danginmu. Ina kallo Yaya ya hango Baffa, ya miƙe zumbur. Na san abin da zai biyo baya tun kafin ya faru. Ba zai zauna a kujera Baffa yana ƙasa ba, kuma ba zai gaishe shi da fuska a rufe ba. Ya sauko ya durƙusa a kan tabarma, ya ja takunkumin zuwa haɓa. Baffa ya kama hannunsa biyu ya riƙe, ya jawo kansa ya dafa, gwiwa da gwiwa. Salisu ya juya yana gyara igiyar rumfa da ba abin da ya same ta.

Aka miƙo kofin silba. Baffa ya tsiyaya ruwan, ya daɗe yana karatu a kansa, ya tofa sau uku. Tari ya sake kama shi, wannan karon hannunsa biyu suna riƙe da kofi, bai samu rufe baki ba. Da ya lafa ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karɓa da hannu biyu. Jama'a suka ɗaga hannu suna jiran su shafa.

Ban san lokacin da na ja hijabina na fito ba. Ina tsallake takalman mutane, ana ta juyowa ana kallona. Ban kai rabin hanya ba na ji muryarsa, ƙasa ƙasa, kansa a sunkuye.

“Baffa, ku gafarce ni. Ba zan sha ba.”

Baffa ya ɗan karkato kunne kamar bai ji daidai ba.

“Ayar Allah ce a ciki, Dalhatu.”

“Na sani, Baffa. Amma kuna tari, jikina kuma ba shi da abin da zai kare kansa. Ɗan wasu ne ya mutu aka ba ni huhunsa. Ina jin tsoron in yi wasa da shi.”

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓi kofin a hankali ya ajiye a gefe, ya rufe jarkarsa, ya ce a miƙo masa takalmansa. Liman ya fara ba da baki, wani daga baya ya ce lallai zaman Indiya ya canja mutane. Yaya ya yunƙura zai bi shi, na sha gabansa. A gaban mazan nan duka na sa hannu na mayar masa da takunkuminsa, na ce ya wuce ciki ya wanke hannu da fuska. Ya wuce, hawaye yana jiƙa takunkumin.

Shekara da shekaru ina jiran ranar da Yaya zai ce wa wani a'a. Ga ta ta zo, kuma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Na ga bayan Baffa yana tafiya shi kaɗai da jarkarsa a hannu, na ji kamar in bi shi in faɗi a ƙafarsa. Kuma a'ar ta makara, ya kai minti goma fuskarsa a buɗe a gaban tsohon.

Lawan ne ya cim ma Baffa a bakin titi, ya lallashe shi ya kwana a gidan wani ɗan'uwanmu a Kumbotso. Washegari ya kai shi asibiti, da ƙyar ya yarda aka ɗauki majinarsa. Bayan kwana biyu sakamako ya fito, tarin fuka ne, wanda ake kira tibi. Aka ɗora shi a kan maganin wata shida, ya koma ƙauye bai biyo ta Zawaciki ba.

Likitan da ke duba Yaya a nan Kano ya yi magana da na Indiya. Suka ƙara masa wani magani na kariya, suka ce ba za a iya sanin ko ya ɗauka ba sai nan da sati takwas. A sa ido kan zazzaɓi, da tari, da rama. Akwai wata 'yar na'ura da yake hurawa, tana nuna ƙarfin numfashinsa da lamba, aka ce a riƙa dubawa kowace safiya, in ta yi ƙasa sosai a taho da shi ba jira. Saboda haka kullum kafin in wuce makaranta sai na hau adaidaita zuwa Zawaciki. In taɓa goshinsa, in tsaya a kansa ya hura sau uku, in tambayi Zulaihat ko ya yi gumi cikin barci. Shi ko lambar ba ya kallo. Tambayarsa ɗaya ce, ko na ji labarin Baffa. Ya kira shi ya fi sau ashirin, ba a ɗauka. Ya ce mini ya san Baffa fushi yake, kuma yana da gaskiya, a gaban mutane ya kunyata shi.

Yau kwana goma sha tara da walimar. Ina fitowa daga gidan Yaya da safe, ina tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa, wayata ta yi ƙara. Baffa ne. Na gaishe shi, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi, yana shan magani a kan lokaci. Na ce Baffa, Yaya yana ta kiranku, ya kasa sukuni, ku yi haƙuri ku yafe masa.

“Ba fushi nake ba, Mas'uda. Ina ganin kiransa. Tsoro nake in ɗauka in ji yana tari.”

Ina jin numfashinsa a cikin wayar.

“Ke ba kya ɓoye magana, shi ya sa na kira ki. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Na kashe shi?”

Na ce haba Baffa, lafiyarsa ƙalau, yanzu na baro shi yana shan koko. Ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya ce in ce wa Dalhatu zai kira shi bayan la'asar.

Maganar kokon gaskiya ce, na bar shi yana sha. Abin da ban gaya wa Baffa ba shi ne yau lambar ta ɗan sauka, kuma ina ɗaura takalmi a zaure na ji Yaya ya yi tari sau biyu a ɗaki, a hankali, yadda yake yi in ba ya so a ji. Adaidaita ta tsaya a gabana, mai ita ya tambaye ni ina za ni. Na ce ya tafi kawai, na juya na koma gidan.